Gadar ƙarfe da muka tura da hannu

Sana'ata walda ce a Damagaram. Da ruwan damina ya cinye kwalbatin wata korama a kudancin gari, kamyo suka yi dogon layi, aka ɗauke mu aikin gadar wucin gadi. Na zo da injina, shugaban aikin ya dube shi ya ce: "Malam, mayar da shi inuwa, wannan gadar ba ta son wuta."

Irin gadar Bailey ce, sunan Donald Bailey, injiniyan Ingila da ya tsara ta a 1940 zuwa 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu. Sojoji na buƙatar gadar da za ta ɗauki tankar yaƙi, a kuma kafa ta ba da injin ɗaga kaya ba. A 1942 aka fara aiki da ita a fagen yaƙi a arewacin Afirka, kuma har yau 'ya'yanta da jikokinta ake kafawa inda ambaliya ta yanke hanya.

Duk dabarar tana cikin fallen ƙarfe guda: tsawonsa mita 3, tsayinsa mita ɗaya da rabi, nauyinsa wajen kilo 260. Mutum shida ke ɗaukarsa. Falle da falle ana haɗa su da ƙusa mai kauri, a buga ta da guduma, a saƙala mata makari. In ana son ƙarin ƙarfi, sai a jera falle biyu ko uku gefe da gefe, ko a ɗora wani bisa wani.

Turawar ce ta fi tsaya mini a rai. A gaɓarmu muka harhaɗa komai bisa tayoyin ƙarfe. Gaba aka sa "hanci", fallaye tsirara babu katako, an ɗan ɗaga bakinsa sama don in ya sunkuya da nauyinsa ya samu tsallaken daidai. Muna ƙara falle a baya muna turawa, a kan sharaɗin nauyin baya ya rinjayi na gaba har hancin ya dafa. Shugaban yana tsaye da takardarsa yana ƙirga fallaye, ko gaisuwa ba ya amsawa.

Na fahimci dalilin hana walda: zafin wuta yana iya raunana ƙarfen, kuma gadar da aka liƙe ba ta kwancuwa a kai ta wani wuri. Ɗan lanƙwasar da ake gani a tsakiyarta ma ba lahani ba ne, yawanci sararin ramukan ƙusoshi ne ya taru.

Abin tsoro shi ne lodi. Mota ɗaya take ɗauka a lokaci guda, a hankali, amma direbobinmu kowa ya san su da ƙarin buhu. Sai da aka ajiye mai gadi a kowane baki, yana tsayar da su, yana kuma duba makaran ƙusoshi kowace safiya, don yara na son zare su.