Taswirar da wuta ta ci

Jiya da dare na ci karo da hoton wani aikin Hanaa Malallah, mai zane 'yar Iraƙi, wallahi har yanzu yana raina. Taswirar ƙasarta ce da ta yi a 2008, da ƙyallayen da ta ƙona da kanta, ta jera wani kan wani, bakinsu duk ya babbake. Na daɗe ina kallo, jikina ya yi sanyi.

Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iraƙi a shekarun 1990 ya sa kayan zane suka yi wuya a Bagadaza, sai abin da hannu ya samu. Haka Hanaa ta jure a can har 2006, barazana ta fitar da ita daga ƙasar. Yanzu tana Landan, ba ta daina aikin ba.