Tafiyar Guangzhou: damina, guguwa da watannin da gari ke da daɗi

Daga Kano muka tashi ta Adis Ababa, muka sauka a filin jirgin sama na Baiyun da ke birnin Guangzhou, a kudancin ƙasar Sin, a tsakiyar Afrilu, daidai lokacin buɗe babban baje-kolin Canton. Sau biyu ake yinsa a shekara a unguwar Pazhou: 15 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, sai kuma 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba, kowanne kashi uku ne gwargwadon irin kayan da ake nunawa. Na ga na Afrilu, na ga na Oktoba, kuma in mutum na da zaɓi, na Oktoba zan ce ya je.

Abin da ya fara tarbar mu a Afrilu danshi ne. Ma'aunin zafi bai wuce digiri 26 zuwa 28 da rana ba, wanda ga mutumin Kano ba komai ba ne, amma gumi ba ya bushewa. Rigar da aka wanke aka shanya a ɗakin otel a unguwar Xiaobei sai ta kwana biyu da ɗanye-ɗanye. Masu shaguna sun ce ai mun taki sa'a, don daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu akwai ranakun da iska mai ɗumi ke kaɗowa daga teku ta tarar da gine-gine da sauran sanyin hunturu, sai bango da tayil su riƙa tsattsafo da ruwa. A irin ranakun nan rufe taga ake yi, musamman ta kudu, a kunna na'urar sanyaya ɗaki a kan tsarin busar da iska. Wanda ya buɗe taga wai don ɗaki ya sha iska, ƙara jiƙa shi ya yi.

Ga ɗan kasuwa wannan magana ce ta kuɗi. Takalma da jakunkunan fata, yadi, kayan katako daga birnin Foshan mai maƙwabtaka da Guangzhou, duk abin da aka cusa a kwali da danshi a jikinsa aka rufe kwantena, makonni zai yi a teku cikin zafi kafin ya isa Legas ko Kwatano, kuma da fumfuna ake sauke shi. Na tsaya a wani sito na ga yadda masu hankali ke lodi: ba a ajiye kwali a ƙasa sai a kan katako, a taɓa shi a ji ko ya yi laushi, a sa ƙullin maganin shan danshi a cikin kowanne, a rataya manyansa a jikin bangon kwantena, ranar da ake sheƙa ruwa kuma a ɗage lodin in ba a ƙarƙashin rufi ake yi ba. Kuɗin maganin bai kai asarar kwali guda ba.

Daminar garin daga Afrilu take zuwa Satumba, ruwan shekara kuwa ya kan kai milimita 1,700 ko fiye, kusan ninki biyu na Kano. Mafi ƙarfinsa daga ƙarshen Mayu ne zuwa tsakiyar Yuni, lokacin bikin tseren kwale-kwale. Ya kan sauko kamar da bakin ƙwarya da yamma, hanyoyin ƙarƙashin gada su cika, jirage su yi jinkiri. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi tasi tabbas a ranar ruwa: layi na 5 ke tsayawa a Xiaobei, layi na 8 ke kai mutum Pazhou. Lema mai naɗewa da takalmin roba mai kama ƙasa su zauna a jaka.

Yuli da Agusta zafi ne na digiri 33 zuwa 35 haɗe da danshi, kuma daga nan zuwa Satumba ne lokacin mahaukaciyar guguwar teku. Irin ta Mangkhut da ta faɗa wa lardin Guangdong, inda Guangzhou take, a Satumban 2018 ta tsayar da jirage da makarantu da kasuwanni. Gargaɗinta launi-launi ne: fari, shuɗi, rawaya, ruwan lemo, ja. Daga rawaya zuwa sama a bar yawo, a kira wakilin jigila a ji ko tashar ruwa ta Nansha na aiki. Sauro ma na da yawa a ƙarshen damina, kuma garin ya sha fama da zazzaɓin denge, don haka man korar sauro ya zama dole.

Zuwan da na yi a ƙarshen Oktoba kamar wani gari ne daban. Sama garau, digiri 20 zuwa 28, iska busasshiya. Mutum zai zaga kasuwar yadi ta Zhongda tun safe har la'asar bai galabaita ba, ranar Juma'a ya yi salla a masallacin Xianxian, inda ake danganta wani kabari da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ya leƙa tsohon masallacin Huaisheng da doguwar hasumiyarsa, ya hau dutsen Baiyun ya hango gari. Haka yanayin ke tafiya har cikin Disamba, sai dai sanyi na ƙaruwa. Otel dai kan yi tsada sosai a makonnin baje-koli, saboda haka wanda kasuwannin sari kawai suka kawo shi ya jira sai bayan 4 ga Nuwamba. A kuma kauce wa 1 zuwa 7 ga Oktoba, hutun ƙasa ne, masana'antu da yawa a rufe, tikitin jirgin ƙasa sai an yi da gaske.

Janairu akwai sanyi mai ratsa ƙashi duk da ma'auni na nuna digiri 10 zuwa 18, don gidajen kudancin Sin ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na Beijing. A tafi da rigar sanyi mai kauri da safa. Babbar matsalar lokacin ita ce Sabuwar Shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ma'aikata na komawa garuruwansu, masana'antu su yi mako biyu zuwa huɗu a rufe, kuɗin jigila ya tashi kafin hutun. Mai son kayansa su fita kafin a rufe, ya ba da oda tun Nuwamba.