Ƙofar da aka sa wa kwaɗo

Kwana tara na yi ina jinyar mahaifiyata a wani asibiti a nan Kaduna cikin hunturun da ya wuce, kuma da yake mai jinya ba ya samun barcin kirki, sai na riƙa lura da abubuwan da idon rana ba ya tsayawa a kansu. A ƙarshen baranda akwai ƙofar fita ta gaggawa, amma an garƙame ta da kwaɗo, an kuma jingina tsofaffin gadaje biyu a jikinta. Da na tambayi wata nas, sai ta ce, "Malam, saboda ɓarayi aka kulle, makullin yana hannun maigadi." Maigadin kuwa a bakin get yake kwana.

Idan gobara ta tashi a kasuwa, kowa ƙafarsa ce za ta fisshe shi. A asibiti akwai wanda aka yi wa tiyata jiya, da tsohuwar da ake yi wa ƙarin ruwa, da jaririn da ke cikin kwalba, kuma kowannensu sai an ɗauke shi ko an tura gadonsa. Shi ya sa a tsarin ginin asibiti ake raba kowane hawa da bango da ƙofofi masu jure wuta, domin a gusar da majinyata zuwa sashe na gaba a hawa ɗaya kafin a yi maganar saukar da su ta matakala, tunda ba a shiga lif lokacin gobara. Hayaƙi ma yakan riga harshen wuta yin kisa, don haka ƙofar da aka tokare da dutse domin shan iska ta daina aikinta.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne iskar oksijin. Ita kanta ba ta kamawa, amma inda ta yi yawa fiye da kashi 21 cikin ɗari da ke cikin iskar da muke shaƙa, zanin gado da katifa kan ci da sauri ƙwarai, ko man shafawa ma haɗari ne kusa da ita. A watan Afrilun 2021 tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, mutum sama da 80 suka rasu. A watan Mayun 2022 kuma jarirai 11 suka mutu a asibitin garin Tivaouane na Senegal, aka danganta gobarar da matsalar wayar lantarki. Wannan ta biyun ta fi kama da halinmu, domin mun san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta, mun kuma san yadda ake sauyawa tsakaninta da janareta sau da yawa a dare ɗaya.

Mu masu jinya ma da laifinmu. Da idona na ga soket ɗaya ɗauke da cajar waya biyar da hitar dafa ruwa, taku kaɗan daga gadon mai shan oksijin, ga tabarminmu da kulolin abinci sun cushe hanya. Jar tukunyar kashe gobara tana rataye a bango, amma ranar da aka rubuta za a sake duba ta ta wuce da daɗewa.

Ranar da aka sallame mu na sami shugabar ma'aikatan jinya na roƙe ta a rataye makullin kusa da ƙofar, a kuma kwashe gadajen. Ta saurare ni cikin mutunci, ta ce za ta kai maganar gaba. Ranar Litinin za mu koma ganin likita, kuma barandar nan zan fara leƙawa.