Kaset Ɗin da Na Ɓata da Hannuna

Wata takwas na yi ina kai wa wani dattijo ziyara, tsohon ma'aikacin naɗar shirye-shirye a gidan talabijin, kafin ya yarda ya damƙa mini kwali biyu da ya ajiye a ƙarƙashin gado. A ciki akwai kaset ɗin bidiyo goma sha ɗaya na U-matic, samfurin da kamfanin Sony ya fito da shi a 1971, da gwangwanaye uku na fim mai faɗin milimita 16.

Shi ne ya fara fahimtar da ni yadda shirye-shirye ke salwanta. Zaren naɗa hoto yana da tsada a wancan zamani, don haka da an nuna shiri sai a goge a naɗi wani a kansa, kuma ko BBC ba ta daina wannan ɗabi'a ba sai wajen 1978. Abin da ya tsira galibi kwafin fim ne da aka sayar wa tasoshin ƙasashen waje, kamar kashi tara na Doctor Who, wani wasan kwaikwayon talabijin na BBC, da aka gano a Jos aka sanar a 2013.

Ɗoki ne ya kai ni ga kuskure. A daren da na samu aron na'ura, na zura kaset na farko ba tare da na duba zarensa ba. Hoto ya fito, fuskar wata mata tana magana a bakin ƙofa, sannan na'urar ta fara ƙara, hoton ya dusashe. Da na buɗe, na tarar da baƙin gari mai danƙo ya manne a kan ƙarfen da ke karanta zaren. Danshin shekaru ya riga ya lalata sinadarin da ke riƙe maganaɗisun, ni kuwa na kankare kusan minti huɗu da babu kwafinsu a ko'ina. Har yau abin yana ci mini rai.

Daga baya wani masani ya nuna mini cewa irin wannan zare ana gasa shi ne a zafin da bai wuce digiri 55 a ma'aunin Celsius ba na tsawon sa'o'i, a kwafe shi zuwa kwamfuta cikin 'yan kwanaki kafin danƙon ya dawo. Haka muka ceto sauran goman. Gwangwani ɗaya kuma yana warin tsami irin na khal, wato binega, alamar fim ɗin ya fara ruɓewa, sai muka ware shi don kada ya harbi 'yan uwansa, muka ajiye duka a wuri mai sanyi marar laima.

Rubutun jikin kaset ma ba abin dogaro ba ne, domin uku daga ciki suna ɗauke da shirin da ba shi aka rubuta ba. Saboda haka na koma wurin dattijon da kwafin, muka zauna muna kallo, yana ambaton sunayen 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa.