Ƙarin batir a motar kwana: lissafi, waya da caji

Bas ɗin da aka cire wa kujeru aka sa katifa, fanka da ƙaramin firji, ko Hiace ce ko Sprinter, matsalarta ta farko wuta ce. Da magariba komai lafiya, ƙarfe biyun dare fanka ta fara jan ƙafa, firji ya ɗauke. Da safe mai mota ya nufi Sabon Gari ya sayo wani batir, ya kai wa mai riwaya ya ce a jona masa da na da. Wata uku zuwa huɗu, duka biyun sun mutu. Dalili kuwa shi ne batir randa ce, ba rijiya ba. Idan ka ƙara randa ba ka ƙara mai ɗebo ruwa ba, randuna biyu za ka samu kowace da ɗan ruwa a gindi.

Batirin da nake magana a kansa ba na tayar da inji ba ne. Na tayar da inji an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, ta mayar masa nan take. Na ɗaki, wanda ke riƙe fanka da firji, shi ne mai jure a zuƙe shi a hankali dare guda. Ana samunsa iri uku: na dalma mai ruwa, na dalma rufaffe da ake kira AGM ko jel, sai na litiyom mai rubutun LiFePO4 a jiki.

Kafin ka sayi komai, ɗauki biro. Firjin mota mai 12V na lita 40 yana jan kusan 4A lokacin da injinsa ke aiki. A zafin Maris da Afrilu na Zariya rabin yini yake yi yana aiki, awa 12 ke nan, wato 48Ah (A ma'aunin wutar da kaya ke ja ne, Ah kuma A ɗin sau yawan awoyi, da shi ake auna girman batir). Fanka biyu masu jan 1.5A kowace, na awa 8, sun ci 24Ah. Ƙwan LED huɗu masu 5W na awa 5, kusan 8Ah. Cajin wayoyi da kwamfuta a ba su 10Ah. Jimilla 90Ah a rana. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka mai 100Ah abin da yake iya ba ka ba tare da ya cutu ba 50Ah ne kawai. Ga wannan lissafin kana buƙatar 200Ah na dalma. Litiyom ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, mai 100Ah zai kai ka da ƙyar, mai 120Ah zuwa 150Ah zai ba ka sarari.

Yanzu tambayar da aka fi tsallakewa: wa zai mayar da 90Ah ɗin nan gobe? Cajar mota mai ba da 30A tana buƙatar awa uku inji na tafiya, kuma a batirin dalma ya fi haka, domin da ya kai kashi 80 sai ya rage karɓa, ragowar a hankali take shiga. Zariya zuwa Kaduna, kilomita 80 ko kusa, ba za ta mayar maka da rabin abin da ka sha ba. Zirga-zirgar Kwangila zuwa Samaru kuwa ba a ma sa ta a lissafi. Batirin dalma da ke kwana da rabin caji kullum, wani farin gishiri ne ke daskarewa a kan farantan cikinsa, kuma in ya daɗe ba ya narkewa. Shi ya sa mutum zai ninka batir ya ga sun fi saurin lalacewa a kan lokacin da yake da guda. Ƙa'idar da ake bi a dalma ita ce caja ta ba da kashi 10 zuwa 20 na girman batirin, wato 20A zuwa 40A ga 200Ah.

Hanyar haɗa batirin ɗaki da altaneta biyu ce. Mai araha ita ce rile mai jin ƙarfin wuta: idan inji ya tashi wuta ta haura wajen 13.3V sai ya haɗe batiran, idan an kashe ta sauko wajen 12.8V ya raba su, don kada firji ya shanye na tayar da mota. Wannan ya wadatar a tsohuwar mota da batirin dalma. Amma motocin Turai na baya-bayan nan da yawa suna da altaneta mai rage wuta da kanta don tattalin mai, tana saukowa ƙasa da 13V ana cikin tafiya, rile ya yi ta haɗewa yana rabuwa. Litiyom kuma, in aka jona shi kai tsaye, duk abin da altaneta ta bayar zai karɓa ya nemi ƙari, sai ta yi zafi ta ƙone, musamman a cunkoso inda inji ke juyawa a hankali kuma iska ba ta ratsa ta. A waɗannan biyun cajar DC-DC, wadda ke karɓar wuta daga altaneta ta daidaita ta kafin ta ba batirin ɗaki, ita ce magani, mai 20A ko 30A, a saita ta kan irin batirin: AGM wajen 14.4V zuwa 14.7V, jel 14.1V zuwa 14.4V, litiyom 14.2V zuwa 14.6V. A ganina ko a tsohuwar mota ta fi rile, don ita kaɗai ke cika batir har wuya.

Ga motar da ke yini a ajiye, sola ce gatanta, kuma rana dai Allah ya ba mu. Farantin 200W a kwance kan rufi, da kwantirola ta MPPT, wato na'urar da ke daidaita wutar sola kafin ta shiga batir, yana iya kawo 55Ah zuwa 65Ah a ranar da gari ya yi fes. Da hunturu ƙura na rage shi sosai, sai an riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya. A Agusta ma hadari zai ci rabonsa.

Wajen jona batir biyu, ja (+) da ja, baƙi (-) da baƙi, sai ya zauna a 12V ƙarfin ajiya ya ninku. In aka yi ja da baƙi ya koma 24V, kuma duk kayan 12V da ke motar sun tafi. Dole su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya. Sabo da wanda ya shekara biyu ba sa zama lafiya: tsohon yana zubar da caji da kansa, sabon ya kwana yana ɗura masa, har ya koma kamarsa. Dalma da litiyom kuwa ba a haɗa su ko kusa. Idan na da ya tsufa, a mayar da shi gida ya riƙe ƙwai, a sayi biyu sababbi rana ɗaya. A cika kowane shi kaɗai, a bar su su huta awa biyu ko uku, a auna da mita. In bambancinsu ya wuce 0.1V kada a jona tukuna.

Akwai wani abu ƙarami da masu riwaya da yawa ba sa kulawa da shi. Wayar da za ta kai wuta ga kaya, jan a ɗauke shi daga batir na farko, baƙin daga na biyu. Haka ma wayar caji. Idan aka ɗauki duka daga guda, shi zai riƙa yin yawancin aikin ya riga ɗan'uwansa gajiya. Wayoyin da ke tsakaninsu kuma su zama gajeru, tsawo ɗaya, kauri 25mm² ko 35mm².

Waya ita ce inda ake tsimin da ke jawo asara. Ɗauki 30A da za ta bi mita 6 daga gaban mota zuwa baya, ta dawo mita 6. A wayar tagulla mai 6mm² za a yi asarar kusan 1V a hanya, altaneta na ba da 14.2V batir na ganin 13.2V, ba zai taɓa cika ba. A mai 16mm² asarar ba ta kai 0.4V ba. Kuma a lura da wayar da ke cika kasuwa, alminiyom ce aka shafa wa launin tagulla. Kankare silin da wuƙa, in ka ga fari a ciki mayar musu. Ba ta da nauyi a hannu, tana ɗaukar zafi, tana kuma karyewa da girgizar hanya. Bakin waya a sa masa kan tagulla a matse da matsewa ta gaske, ba a murɗe shi a noti a naɗe da salatif ba. Inda za ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba. In za a yi at, wato ɗaure baƙar waya a jikin shasi, a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli.

Fiyus waya yake karewa, ba firji ba, shi ya sa ake sa shi daf da jan kan batir, kada ya wuce taƙi guda. Doguwar wayar da ta haɗa batirin gaba, na tayar da inji, da na baya, na ɗaki, fiyus biyu take so, ɗaya a kowane ƙarshe, don duka ɓangarorin akwai wuta. Ga caja mai 30A a kan 16mm², fiyus 40A ya yi. Imbata mai 1000W tana jan kusan 100A daga 12V, don haka wayarta 35mm², tsawo kada ya wuce mita ɗaya da rabi, fiyus 150A. Batirin da jansa ya taɓa jikin mota babu fiyus yana iya mayar da waya ja wur cikin daƙiƙu, ga katifa a gefe. Lokacin aiki baƙi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, kuma a cire zobe da agogon ƙarfe kafin a kama sifana.

Dogon batirin imbata mai ruwa, irin mai 220Ah da ke gidaje, mutane na sha'awarsa saboda yana da ƙarko. A ɗaki ya dace da shi. A mota yana tangaɗi, ruwansa mai cin ƙarfe yana fantsama a ramukan hanya, kuma lokacin caji yana fitar da iskar haidurojin da tartsatsi kaɗan ke tayarwa. In babu yadda za a yi, sai a rufaffen akwati mai bututun da ke fitar da iskar waje, ba inda mutum ke kwana ba. Kowane iri ne, a kafa shi ƙasa-ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, mai walda ya yi masa gado da ƙarfen ɗaurewa. AGM mai 100Ah ya kai kilo 30, in aka taka birki da ƙarfi ba zai tsaya inda aka ajiye shi ba. A nisanta shi da salansa, kuma a Hiace kada a manna shi bayan kujerar direba, don inji na ƙarƙashin nan. Zafi na cin batirin dalma: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana kusan raba kwanansa biyu, ga motar da aka rufe a rana cikinta na iya haura digiri 50.

Nauyin nan ma abin dubawa ne a shago. AGM da aka rubuta wa 200Ah ya kamata ya kusa kilo 60. In ka ɗaga shi da hannu ɗaya ba ka yi nishi ba, takardar jikinsa ce kawai 200Ah. Sabon da mita ta nuna ƙasa da 12.5V ya daɗe a ajiye ba caji.

Bayan an gama, a tayar da inji a auna batirin gaba, a ga 13.8V zuwa 14.4V, in ba altaneta mai rage wuta ba ce. Idan rile aka sa, na baya kada ya gaza na gaba da fiye da 0.5V. A kunna duk kayan na minti 20, sannan a bi kowace mahaɗa da yatsa, wadda ta yi zafi ba ta matsu ba. Batirin dalma da ya huta, 12.7V cike yake, 12.2V ya kusa rabi, a nan ake tsayawa a nemi caji. Litiyom ba ya faɗin gaskiya ta wannan hanya, yana zama wajen 13.2V kusan har ya ƙare, sai an sa masa mita mai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, wadda ake ɗaurawa a baƙar waya daf da batir. Bayan tafiyar farko a sake bin notocin da sifana, don girgiza na sassauta su.