Laraba a Ol Pejeta: bin sawun baƙar karkanda

Sanyin wannan ƙasa har yau bai sake ni ba. Kafin na zo na ɗauka tunda Nanyuki, garin Kenya da ke kusa da gandun namun daji na Ol Pejeta inda nake aikin sa-kai, a kan layin da ya raba duniya biyu take, zafi zan tarar, ashe tudu ne mai bisa ƙwarai, ga Dutsen Kenya ya tokare gabas. Alwalar asuba sai da na dafa ruwa. Na yi salla, na sha shayi mai madara da capati biyu, na ɗora rigar sanyi a kan wata. Gari bai gama wayewa ba motar sintiri ta iso.

Yau an haɗa ni da masu bin baƙar karkanda. Shugaban tawagar dattijo ne siriri, kowa Mzee yake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Shi kuwa "yarona" yake ce mini tun da ya ji shekaruna ba su kai na ɗansa na fari ba. Sai matasa biyu, ɗaya riƙe da bindiga, ɗaya da oba-oba. Aikina shi ne riƙe takardar rajista da na'urar GPS, in rubuta abin da aka ce in rubuta, in kuma kama bakina.

Mota ta sauke mu a bakin wani kurmin ƙaya muka shiga da ƙafa. Abu na farko da Mzee ya yi shi ne ya ciro wata 'yar jakar tsumma mai toka a ciki, ya kaɗa ta, ya duba inda tokar ta nufa. Karkanda ba ta gani sosai, amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure, don haka dole iska ta riƙa busowa daga wajenta zuwa wajenmu. Duk bayan 'yan taku sai ya sake kaɗawa. Da iskar ta juya, muka yi dogon zagaye ba wanda ya ce uffan.

Ya nuna mini sawu a ƙasa mai laima: yatsu uku, na tsakiya ya fi faɗi. Kusa da shi ga wani ƙarami irinsa sak. Uwa da ɗa ke nan. Daga nan ya kamo wani reshe mai kaurin ɗan yatsa ya ce in duba bakinsa. An datse shi a karkace, tsaf, babu tsagewa. Ya ce giwa idan ta ci reshe yagalgala shi take yi, amma wannan yankan na baƙar karkanda ne, da leɓenta na sama mai tsini take kamowa ta kai wa haƙoran ciki. Gaba kaɗan muka tarar da jujin kashinsu, don wuri ɗaya suke zuwa suna yi. Ya sa sanda ya tona, ga guntayen itace masu irin wancan yankan a ciki, ga kuma layuka biyu a ƙasa inda ta shure kashin da ƙafafun baya. Ya taɓa da bayan hannu. Da ɗumi. Ya ɗaga yatsa ya ɗora a leɓe.

Carki ne ya tona asirinta. Wannan tsuntsun dai da muka sani a bayan shanu yana cire kaska, shi ne ya tashi da kuka daga cikin ƙaya, sai ga kunnuwa biyu sun miƙe suna juyawa, kowanne da nasa ɓangaren. Muka durƙusa. Tana tsaye a inuwa, fatarta duk busasshen taɓo, ɗan kuma ya lafe a bayanta, ƙahonsa bai wuce ɗan tsiro ba. Ina jin hucin numfashinta daga inda nake, ina jin ƙarar reshe a bakinta. Zuciyata ta buga sosai, amma abin da ya fi kama ni shi ne yadda ta sa jikinta tsakaninmu da ɗan, alhali ba ta ma tabbatar da akwai mutane a wurin ba.

Mzee ya ɗora madubin hangen nesa a kunnuwanta. Ana yi wa karkanda 'yan tsagogi a gefen kunne, kowace da tsarin nata, da su ake gane wace ce. Ya raɗa mini lambar, na rubuta, na ƙara da lokaci da wurin da GPS ya nuna. Ya duba ƙugunta da haƙarƙarinta ya ba ta makin lafiyar jiki, ya duba ko ɗan yana ɗingishi. Muka ja da baya a hankali yadda muka zo. Tafiyar safiya guda, abin da ta haifar layi ɗaya ne a takarda.

Da muka zauna hutawa na tambaye shi ko ba ya gajiya da neman dabbar da ya gani shekaranjiya. Ya ce, "Yarona, ran da ka daina ƙirga su, wani ya fara ƙirga maka su." Idan aka kwana biyu ba a ga wata ba, hankalin kowa tashi yake yi, a ƙara mutane, a fito da karnuka masu bin sawu. A 1970 Kenya tana da baƙar karkanda wajen 20,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ba su kai 400 ba. Duk saboda ƙaho, wanda a da ake kai wa Yaman a yi ƙotar wuƙa da shi, yanzu kuma Biyetnam da Sin ne manyan kasuwanninsa, ana cewa magani ne, alhali sinadarinsa ɗaya ne da na farce da gashi. Yanzu adadin ya sake kai wajen 1,000 a ƙasar. Nan Ol Pejeta da guda 20 aka fara a 1993, yau sun haura 150, har a farkon 2024 aka ɗebi wasu daga nan da wasu gandaye biyu, guda 21, aka kai gandun Loisaba saboda wuri ya fara yi musu kaɗan, mazan suna kashe juna a kan iyaka. Dabba ce da take ɗaukar ciki wata 15 zuwa 16, ta haifi ɗa ɗaya tal, ta yi shekara biyu zuwa uku tana renonsa kafin ta sake. Wanda ya san wannan lissafin zai gane abin da ɗan tsiron ƙahon nan da muka gani yake nufi.

A nan ne raina ya sosu. Mu ma muna da tamu. Baƙar karkanda ta yamma ta rayu a dazuzzukan yankin Tafkin Cadi, har da arewa maso gabashin Najeriya, kuma ragowarta na ƙarshe a arewacin Kamaru suke, maƙwabtanmu na kusa. A 2006 aka shiga daji nemansu ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa sun ƙare a duniya. Ni da na tashi a Bauci, na yi karatun lafiyar dabbobi, ban taɓa jin wani malami ya ambaci wannan a aji ba. Da na faɗa wa Mzee sai ya yi shiru, can ya tambaye ni me ya rage mana. Na ce giwayen Yankari. Ya ce wa yake ƙirga su? Na ce akwai masu gadi, kuma suna ƙoƙari, wasu ma sun rasa rayukansu a kan aikin. Ya gyaɗa kai ya ce to in koma in same su.

Da hantsi aka mai da ni wajen masu shinge. Nome ciyawa muka yi a ƙarƙashin wayar lantarki, don idan ciyawa ta taɓa ta ƙarfin wutar raguwa yake yi. Aiki ne na lauje da ciwon baya, ba abin ba da labari. Abin da ya burge ni shi ne ƙofofin da aka bari a shingen arewa: an kakkafa gajerun turaku kusa da juna, giwa ta tsallake, zaki da kura da jakin dawa su ratsa, karkanda kuwa ba ta iya wucewa. Ana share ƙasar wurin a daidaita ta, da safe a zo a karanta wa ya shiga wa ya fita.

A hanyar dawowa muka ci karo da garken shanu, a tsakiyar gandun, jakunan dawa suna kiwo a gefensu. Shanun Boran ne, masu tozo, gajeru masu cika, dubbai ake kiwo a nan. Na roƙi direba ya tsaya. Makiyayin ya nuna mini inda suke kwana: shinge ne na ƙarfe da ake harhaɗawa a kuma kwance shi, zaki ba ya iya shiga, bayan ɗan lokaci a ɗauke a kai wani wuri. Inda aka tashi, taki ya zauna, ciyawa mai laushi ta fito, barewa da jakin dawa su yi ta rububinta. Shanun kuma suna kwashe kaska a jikinsu, a yi musu feshi, kaskar daji ta ragu. Wannan ai mashekari ne, abin da manomanmu da Fulani suka daɗe suna yi bayan girbi, a kwana a gona a bar taki. Mu a gida an sa mana a kai cewa saniya da naman daji ba sa zama wuri ɗaya, sai dai ɗaya ya kori ɗaya. Na san ba kowane daji ne zai ɗauki wannan tsarin ba, kuma nan akwai kuɗin 'yan yawon buɗe ido da ke riƙe da abubuwa da yawa. Amma na gani da idona yana yiwuwa idan an san adadin shanun kuma an san wa ke da alhakinsu.

Bayan la'asar aka ba mu izinin shiga wajen Najin da Fatu. Su biyun nan su ne suka rage a duniya cikin farar karkanda ta arewa, uwa da 'yarta. An haifi Najin a 1989, Fatu a 2000, dukansu a gidan namun daji na Dvůr Králové a ƙasar Cek, aka kawo su nan a Disambar 2009 tare da maza biyu, Sudan da Suni, da fatan ƙasar Afirka za ta sa su hayayyafa. Allah bai nufa ba. Suni ya mutu a 2014, Sudan, mahaifin Najin, ya bi shi ranar 19 ga Maris 2018 yana da shekara 45. Danginsu a da suna kiwo daga Yuganda da Kongo har kudancin Cadi.

Mai kula da su ya kira Najin da wata murya ƙasa-ƙasa, ta taho a hankali, ƙafafunta na baya ba su da ƙarfi. Ya sosa mata bayan kunne kamar yadda Baffana yake yi wa tsohuwar saniyarsa, ta lumshe ido ta jingina masa kai. Bakinta faffaɗa ne, na cin ciyawa, ba irin na wadda muka gani da safe ba. Fatu tana can gefe, ba ta cika son mutane ba. Nesa kaɗan ga mai bindiga a tsaye, dare da rana ba a barin su.

Babu wadda za ta iya ɗaukar ciki a cikinsu. Tun 2019 likitoci suke ɗibar ƙwai, a kai wani ɗakin bincike a Kiremona ta Italiya a haɗa da maniyyin mazan da suka mutu wanda aka adana. An hutar da Najin daga wannan a 2021. Zuwa farkon 2024 an sami 'yan tayi 30 a daskare, duka daga ƙwan Fatu. Niyyar ita ce a dasa su a mahaifar farar karkanda ta kudu. An gwada da ɗan tayin ta kudu, cikin ya kama, sai uwar ta mutu da wata cutar ƙwayoyin ƙasa bayan ruwa mai yawa, aka sami ɗan tayi na kwana 70 a cikinta. Ina yi musu addu'ar nasara da zuciya ɗaya. Amma ina tsaye a wurin ina ta tunanin kuɗi da ilimi da jiragen da ake haɗawa don dabba biyu, alhali a 1960 sun haura 2,000, lokacin da masu gadi da albashi mai kyau da takalman sintiri za su iya wadatarwa.

Wata baiwar Allah cikin baƙin da suka zo kallo ta yi ta kuka, ni ma idona ya cika. Sai dai na lura kowa Najin yake ɗauka hoto, ba wanda ya tambayi mai kula da ita sunansa ko shekara nawa ya yi ba ya kwana a gidansa. Mu 'yan sa-kai ma ya kamata mu san matsayinmu. Muna zuwa mu yi 'yan makonni mu tafi, yawancinmu daga Turai da Amurka, kuma kuɗin da ake biya na zaman ya fi ƙarfin hannunmu amfani ga gandun. Ba laifi ba ne, kuɗin yana biyan albashi da man mota. Abin da nake so kawai shi ne a ga 'yan Afirka da yawa a cikinmu, musamman daga yammaci, don mu ne za mu koma inda ake bukatar abin da aka koya.

Da magariba na ci tuwon masararsu da ganye, na zauna a kwamfuta ina tantance hotunan kyamarorin da aka ɗaura a ƙofofin shinge. Yawancinsu ciyawa ce iska ta kaɗa. A ciki na sami kura biyu, da giwa da 'ya'yanta, da damisa ɗaya da ta wuce da tsakar dare, na shigar da kowanne a rajista.

Bayan isha'i na kira gida. Inna ta ce, "Ɗan nan, ka dai riƙa nesa da su, ka ji ko? Kana cin abinci kuwa?" Na ce ina ci, Inna. Baba ya karɓi wayar, na ba shi labarin karkanda bai ce komai ba, amma da na zo kan shingen ƙarfen shanu sai ya yi ta tambaya: tsayinsa nawa, mutum nawa ke ɗaga fefe ɗaya, shanu nawa yake ci, ko maƙerin garinmu zai iya ƙera irinsa. Ya ce in auno masa komai in turo hoto. Gobe da safe ina tare da masu karnuka, da rana zan nemi makiyayin nan da tef ɗin awo.