Abin da na gani a ƙarƙashin gada a Legas, da yadda nake aiki da shi a Kaduna

Kankare yana shan ruwa. Ido yana ganinsa kamar dutse, amma cike yake da ƙananan ƙofofi, kuma duk abin da ruwa ya ɗauko sai ya shiga da shi. Na karanta wannan tun ina ɗalibi a nan Kaduna. Sai da aiki ya kai ni Legas, cikin ayarin masu duba ƙafafun wata gada da ke tsaye a ruwan lagun, wato tafkin da ke haɗe da teku, na gan shi da idona.

Rodin da ke cikin kankare mai kyau ba ya tsatsa, domin sinadarin siminti yana yi masa wani siririn rufi da ke kare shi. Gishiri ne ke ɓata wannan rufi. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita. Na lagun bai kai haka ba tunda koguna na zuba a ciki, sai dai da rani gishirinsa yana ƙaruwa. Sinadarin kuloraid da ke cikin gishirin yana ratsa kankare sannu a hankali, shekara da shekaru, har ya cim ma rodi. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, don haka sai ta kumbura ta tsage kankaren daga ciki. Kafin a ga jan zane a jikin ginshiƙi, ɓarna ta daɗe da yin nisa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne inda ɓarnar take. Ɓangaren da ke nitse a ruwa kullum bai cika lalacewa ba, saboda iska ba ta isa wurin sosai, tsatsa kuma sai da iska. Wurin da ruwa ke hawa yana sauka, da ɗan samansa inda yake fantsama ya bushe, nan ne matsalar. Kowace bushewa tana barin gishiri a baya.

Mukan shiga kwale-kwale idan ruwa ya janye. A ɓamɓare ɓawon halittun ruwa da suka manne, sannan a bi ginshiƙin da guduma ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi. Inda kankare ya rabu da rodi kuwa, sai ka ji kamar an buga ƙwarya. Mai tuƙa mana kwale-kwalen, wani dattijo mutumin Yawuri, ya riƙe wannan sauti nan da nan. Yakan ce, “Injiniya, koma baya kaɗan, wancan wurin bai amsa ba.” In ce, “To Baba,” in koma, kuma yawanci maganarsa ce ke fitowa.

Guduma tana gano abin da ya riga ya lalace ne kawai. Don ganin abin da ke tafe, mukan zana layuka da alli a jikin ginshiƙi, mu haɗa waya da rodi, mu riƙa ɗora na'urar tagulla a kowace mahaɗa muna karanta lantarkin. Idan awo ya wuce milibolt 350 ta ɓangaren ƙasa da sifili, kusan tabbas tsatsa tana ci a wurin, ko da fuskar kankaren sumul take. Mukan kuma huda, mu tara ƙurar kowane zurfi daban a kai ɗakin gwaji, a ga inda gishiri ya tsaya.

Gyaran ma yana da tarko. Idan aka fasa wurin da ya tsage aka shafe shi da sabon siminti kawai, tsatsa sai ta koma gefen facin, inda tsohon kankare mai gishiri yake. Shi ya sa ake fasawa har bayan rodi, a goge shi tas, a ɗaura masa guntayen tutiya waɗanda za su riƙa cinyewa a madadinsa, sannan a yi wa ginshiƙin riga, wato mazubin da zai kewaye shi, a zuba sabon kankare. Aiki ne mai tsada ƙwarai, ga shi ruwa ke yanke maka lokacin aiki.

Ginshiƙan da suka fi shan wahala, da muka auna, kusan duk abu ɗaya ya haɗa su: rodi ya matso kusa da fuskar kankare. A ruwan gishiri ana son kaurin kankaren da ke rufe rodi ya kai milimita 50 zuwa 75, ruwan kwaɓi kuma kada ya wuce kashi 40 cikin ɗari na nauyin siminti.

Kaduna ba mu da teku, amma wannan batu na kaurin kankare da ruwan kwaɓi ne na fi tsananta wa a wurin aiki yanzu. Ba a zuba kankare sai na ga biskit, wato ƙananan guntayen da ke hana rodi matsowa fuska, a ɗaure tsakanin rodi da katakon mazubi, ba tsakuwa ko guntun bulo ba. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓi ya yi saurin zuba, ni kuma ba na yarda, gara a sa maganin da ke sassauta shi a bi da injin girgiza. Da hunturu iska tana bushe fuskar kankare kafin ya yi ƙarfi, sai na sa a lulluɓe da buhunan da aka jiƙa, ana ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Wani ɗan kwangila ya taɓa ce mini, “Yallaɓai, ai nan ba Legas ba ce.” Gaskiya ne gishiri ba ya damun mu, amma iska da danshi suna bin ƙofofin nan su kai ga rodi, sai dai a hankali.

Abin da ya fi tsorata ni a Kogin Kaduna shi ne zaizayar ƙasa a gindin ginshiƙi. Ambaliya irin ta 2003 tana kwashe yashin da ke riƙe da tushe, haƙar yashi kusa da gada kuma tana ƙara zurfafa ramin. Wannan ba ya nunawa daga saman titi. Don haka duk gadar da aka ba ni dubawa, ina ba kowane ginshiƙi lamba, in auna zurfin ruwa a gindinsa da igiya mai nauyi kafin damina da bayanta, in ɗauki hoton kowace tsaga da ma'auni a gefenta. Ina barin kwafin littafin a ofishin masu gadar, domin wanda zai zo bayana ya auna a daidai wuraren ya ga ko rami ya ƙaru ko tsaga ta buɗe.